Awa Tara a Santambul

Hajiya ta rasu bayan sallar asuba, lokacin da ɗanta, maigidana, yake cikin jirgi tsakanin sama da ƙasa. Kafin ƙarfe goma an kai ta makwanci. Ni ce na rufe mata ido, kuma ni aka ɗora wa ƙarya.

Kawu Ɗayyabu, ƙanen marigayiyar, ya kira ni soro ya kafa mini doka.

"Suwaiba, kada ki kuskura ki gaya masa sai ya sauka Malesiya ya yi rajista. Shekara huɗu yana neman gurbin karatun nan. Na san Misbahu, in ya ji yanzu juyowa zai yi, kuma ko ya juyo kabari zai tarar."

Na ce to. Me zan ce? Amma raina bai so ba. Da bakin dattijo akan yanke magana, a bar wa mace ɗaukar waya.

Awa tara jirginsu zai tsaya a Santambul, shi kuwa tun a gida ya nemi takardar shiga gari, ya rubuta wuraren da zai gani a bayan wani kati. Mutumin da bai taɓa wuce Kaduna ba! Da azahar wayata ta fara kuka, kiran bidiyo. Gidanmu na Limawa a cike yake da mata masu zaman makoki, sai na tsallake tabarmi na shige ɗakin ajiyar hatsi, na zauna kan buhun gero na ja ƙofa.

Ga shi nan, hula a karkace, baki har kunne.

"Maman Faisal, kin ga masallaci? Kin ga hasumiya shida? Rabin awa kawai mai yi mana jagora ya ba mu. Yi sauri ki kai wa Hajiya wayar ta gani."

"Tana barci," na ce.

"Da ranar nan?"

"Ta sha magani."

Ya ce to a bar ta. Ya juya wayar yana nuna mini tattabaru da Turawa, yana tafe yana haki kamar wanda aka biyo. Ban ga komai ba. Idona na kan ƙofa, kada wata ta fashe da kuka ya ji.

Bayan awa guda ya sake kira daga wata kasuwa mai rufi. Ya ɗaga mayafai biyu, toka-toka da ruwan ƙasa, wai wanne Hajiya za ta fi so. Na zaɓi ruwan ƙasa. Ina kallo ya biya, aka naɗe masa a takarda. A nan na ji na tsani kaina, na tsani Kawu, har shi ma na ji haushinsa da bai iya karanta fuska ba.

Kira na uku da la'asar ne. Yana cikin jirgin ruwa, iska na kaɗa masa riga, ya ce saura minti ashirin motarsu ta koma filin jirgi.

"Har yanzu ba ta tashi ba?"

"Ta tashi, ta shiga wanka."

"Kai, yau ba ni da sa'a." Ya dube ni ya yi murmushin tsokana. "Ke kuma duk kin yi zuru-zuru tun ban kwana biyu ba. To, ya haƙuri?"

Haƙurin rashinsa yake nufi. Amma bakina ya wuni yana amsa wannan gaisuwar ga mata sun fi ɗari, sai ya riga hankalina.

"Alhamdu lillahi. Allah ya ba da lada."

Na ji abin da na faɗa bayan ya fita. Murmushin ya tsaya a fuskarsa, sannan ya gushe a hankali. A bayansa ruwa na ta wucewa, wani yana shela da yarensu.

"Suwaiba," ya ce. Rabon da ya kira sunana tun haihuwar Faisal. "Ƙarfe nawa?"

Na so in ce ƙarfe nawa na me, amma na gaji.

"Bayan asuba."

"Wa ya yi mata salla?"