Dariyar Gesche a Bangon Jama'a

…kuma a bangona suka rataye hotunan kamarar nan. Inda zanena na tashar jiragen ruwa ya yi shekara da shekaru. Wai shugaban gidan ya ce gidan zane na mutanen Hamburg ne duka, ba na masu buroshin fenti kaɗai ba, wata guda kawai hotunan za su yi, in yi haƙuri. Haƙuri. Ga mutanen nan kuwa, 'yan dako, mata masu ƙarnin kifi, sai turereniya suke. Yaushe aka taɓa turereniya a gaban aikina?

Hinnerk fa. Mai kantin magani, abokina tun muna yara, ko ƙwai bai iya zanawa ba. Ya lulluɓa baƙin ƙyalle a bayan akwatin ɗaukar hoto, ya danna, rana ta yi masa aikin. Ga shi can cikin sabuwar kwat, ana ta ba shi hannu…

Ba zan duba ba. Na duba.

Gesche. Ke ce a hoton. Matata, kowa na kallo — gashi a warware, kina dariya har karyayyen haƙorin nan ya fito. Sau nawa kika zauna mini in zana ki? "Detlef, wuyana ya ƙage, ka gama mana." Kar ki motsa, nake cewa. Rufe baki. Na mai da ke kamar matar fasto, kika mutu kika bar ni da tarin fuskoki masu rufaffen baki.

Yaushe ne wannan? Bakin kogi, na gane kwale-kwalen. Ina ina? Ai ina wurin… mun ci burodi da bandar kifi, na koma gefe ina zana gajimare. Na ba ku baya. Me Hinnerk ya ce miki? Wa kike wa dariyar — shi, ko akwatinsa?

Wata tsohuwa a gefena tana ce wa 'yarta, wannan kam mijinta ya more.

Ga Hinnerk tafe, hannu a miƙe, ido ya yi ja. "Tsohon banza, ka gan ta?" Aikin inji ne, ba gwaninta ba, haka zan ce, tun daga gida na shirya maganar…

Amma tun sanyin bara fuskarki ta ɓace mini, Gesche. Zane-zanena ba su dawo da ita ba. Gilashin da ake wanko hoton daga shi yana hannunsa. Shi kaɗai zai iya wanko wani.

Bakina ya buɗe. Zagin ne zai fito, ko roƙon…