Fil a Kan Cibiya

"Ko nan da can," in ji Iya Aduke, ta ja kujera ta tare ƙofa. "Mai ciki da tsakar rana? So kike aljanin titi ya kori jikana ya shige wurinsa?"

Morenike ta dubi agogo. Sha biyu da rabi. Ƙarfe biyu masu allura ke tashi, kuma yau ce ranarta.

Shekararta arba'in da huɗu, ba ta da cikin komai. Bara aka yi mata aikin sankarar mama, ita da mijinta Lekan suka ɓoye wa uwarsa Iya Aduke saboda tana da hawan jini. Likita ya ce ciwon yana ƙoshi ne da sinadarin da ke kawo wa mace al'ada, don haka duk wata ake mata allura a yanke masa abinci. Al'ada ta ɗauke, ƙiba ta zo, ga zufa ko a gaban fanka. Kwana uku da zuwan tsohuwar daga Iseyin ta gano wa kanta jika. Ta maƙala wa Morenike fil a zani daidai cibiya don korar aljanu, ta hana ta cin dodon koɗi kada yaro ya zo da dalala. Lekan kuwa, ba kunya, har shafa gemu yake idan maƙwabta suka yi masa barka.

"Lekan, yi magana mana!" in ji Morenike.

"Mama, ai... awo za ta je."

"Awon ya jira la'asar. Haihuwa bakwai na yi, wa ya auna ni?"

Tsoro ya kama Morenike, na gaske. Ta durƙusa gaban surukarta, ta zame wuyan riga har tabon ya fito.

"Mama, babu jika. Akwai dai wanda aka kora daga nan, allurar ce ke hana shi dawowa."

Iya Aduke ta daɗe tana kallon tabon. Sai ta juya ta ɗirka wa ɗanta mafici a ka.

"Kai kuma kana ta amsa barka, sakarai!"

Ta zare fil ɗin daga zanin, ta maƙala shi a rigar, daidai ƙirji.

"Ɗauko laima, 'yata. Aljanin da ya isa ya tare mu."