Wankan Nagat

"Juya ta, Umm Rida, ruwan yana hucewa," in ji Hajja Fathiyya, uwar mijin marigayiya Nagat, tana tsaye da buta a hannu.

Umm Rida ta tallafi kafaɗar gawar ta juya ta. Shekara ashirin da biyu tana wanke gawarwakin matan wannan lungu na garin Mahalla. Daga wuyan Nagat har ƙugu babu inda tafin hannu zai sauka a kan lafiyayyar fata. Wani tabon ya tsufa ya koɗe, wani baƙi ƙirin, na shekaranjiya. A ƙasan haƙarƙari kuwa ƙarfen bel ya bar siffarsa sarai.

"Daga matakala ta faɗo," in ji Hajja.

"Matakalar gidanku bel take ɗaurawa, Hajja?"

"Ke mai wanka ce ko 'yar sanda? Abin da mai wanka ta gani amana ne, da shi za ta shiga kabarinta. Ko wadda ta koya miki ba ta kai ki wannan babin ba?"

Ta kai ta. Shi ne ma darasin farko.

Likitan da ke ba da takardar binnewa ya zo tun da hantsi. Usta Gaber, mijin, ya tare shi a bakin ƙofa, ya ce matarsa mai kunya ce, namiji bai taɓa ganin ko gwiwar hannunta ba. Likita ya leƙa fuska, ya rubuta bugun zuciya, ya sha shayi ya tafi. Saura ido ɗaya tak da zai ga jikin nan kafin a rufe shi bayan la'asar, shi ne na Umm Rida.

Bango ɗaya ya raba gidanta da na Nagat, kuma kekunansu na jere a masana'antar ɗinki tun 1998. Makon jiya wata lauya ta zo daga Alƙahira, aka tara mata ɗari da arba'in a ɗakin cin abinci, ta yi bayanin doka, ta ce duk wadda ake duka a gida ta ɗaga hannu. Shugaban sashe, ɗan'uwan Gaber, yana jingine da ƙofa yana kallon fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Mata suka bushe da dariya, ta Nagat ta fi ta kowa ƙarfi. Katin da aka raba mai lambar waya, zare Nagat ta naɗe a jikinsa.

Shekaranjiya Talata da azahar Umm Rida ta ji ƙarar dukan ta bango. Ta ƙara muryar rediyo.

Ita da Hajja suka gama wankan, suka zuba kafur, suka ɗaure likkafani. Da Umm Rida ta buɗe ƙofa sai ga Sabri, yayan Nagat, ya iso daga ƙauye da laka a takalminsa. Maza sun cika matakala, Gaber na tsakiyarsu yana jan carbi.

"Umm Rida, don girman Allah," in ji Sabri, "yaya kika same ta?"

Tambaya ce da ake yi wa kowace mai wanka, amsarta kuma sananniya ce. Amma shi ba amsar al'ada yake nema ba, ya kafe ta da ido. Kalma ɗaya ta isa a ajiye makara a kira hukuma. Hajja ta matso har Umm Rida tana jin numfashinta a ƙeya.

"Fuskarta kamar wata daren sha huɗu," in ji Umm Rida. "Jikinta sakayau, da kanta take juyawa."

"Allahu akbar!" maza suka amsa. Sabri ya sunkuyar da kai, ya je ya rungumi Gaber, suka yi kuka tare. Aka ɗauki gawar.

Bayan an dawo daga maƙabarta, ana kafa rumfar ta'aziyya a titi, Gaber ya ɗaga kai ya hango Umm Rida a baranda.

"Umm Rida, Allah ya saka miki, ke 'yar halak ce! Taimaka ki sauko mini da farar rigar can, mutane za su fara zuwa."

Igiyar shanya ɗaya ce tsakanin barandunsu. Rigunansa biyar ne a kai, wankin Nagat na safiyar Talata, kowace an kama ta da maƙali biyu a kafaɗa. Sun bushe ƙayau. Umm Rida ta jawo igiyar a hankali, ta cire farar, ta kakkaɓe ƙurar auduga daga wuyanta, ta ninke.