Dattin da Ke Cikin Soso

Mai Guga ya matse soson har jijiyoyin hannunsa suka miƙe, ya ɗaga shi wajen hasken taga ya duba. Fari ƙal. Ya mayar da shi cikin ɗan injin tace ruwa, ya cika akwatin gilashin da sabon ruwan famfo, ya goge shi ciki da waje. Mutumin da ya tsufa a shagon wanki da guga, bai taɓa mayar wa kowa riga da tabo ba, ai ba ruwan kifi ne zai gagare shi ba.

Amma ya gagare shi. Kullum da safe haka yake yi, kafin la'asar ruwan ya koma fari-fari kamar an ɗiga madara. Kifaye biyu sun riga sun mutu, ya kwashe su a ɓoye. Saura ɗaya, wani ja mai doguwar jela, wanda uwargidansa ta laƙaba wa Jatau.

Autarsu ce ta kawo akwatin, ta ajiye shi a kan tebur dab da gadon, bayan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da tsohuwar. Harshe ya yi mata nauyi, hannun dama ya ƙi ta. Sai dai in Jatau ya zo jikin gilashi yana buɗe baki, ita ma takan buɗe nata a ba ta abinci. Da ruwan ya dushe ta daina ganinsa, sai ta juya fuska bango. Kwanon jiya yadda aka shigo da shi haka aka fita da shi.

Yau kuwa Jatau ya hau saman ruwa yana haki. Mai Guga ya ɗebi ruwan a kwalba, ya zura farar rigarsa, ya hau bas.

Shagon kifin yana can cikin kasuwa, bayan masu sayar da tsuntsaye. Mai shagon wata mace ce mai tabarau, hannun rigarta a naɗe. Ta dubi kwalbar da ya dangwarar a gabanta.

“Sannu da zuwa, Baba. Madara ka kawo mana?”

“Ruwan kifinku ne. Kun sayar wa ’yata inji marar aiki.”

Ta buɗe kwalbar ta sansana. “Yaushe rabon da a wanke soson?”

“Ɗazu da safe. Jiya ma na wanke. Da sabulu da ruwan zafi, ba irin wankin yaran yanzu ba.”

“Da sabulu,” ta maimaita a hankali. Ta juya ta zura hannu a wani babban akwati mai ruwa garai-garai, ta zaro soson injinsa. Baƙi-baƙi ne, yana yauƙi. Mai Guga ya ja da baya, ya tattare rigarsa.

“Da a shagona ma'aikaci ya nuna mini wannan, ranar zai bar aiki.”

“To shi ke riƙe da ruwan nan da ka gani. A cikin dattin akwai ’yan halittu da ido ba ya gani, su ke cinye kashin kifi da ragowar abinci. Naka kuwa, da sun fara zama sai ka zo da sabulu ka tashe su. Wa ke ba kifin abinci?”

Ya tuno gida. Gwangwanin abincin yana kan teburin, kuma duk wanda ya zo dubiya sai ya barbaɗa, don mara lafiya ta yi murmushi. Ƙanwarta, maƙwabta, surukai, tsofaffin abokan cinikinsa.

“Masu dubiya,” ya ce.

“Dukansu?”

“Muna da jama'a.”

Ta yi dariya har ta cire tabarau. “Wannan kifi ba ciwo ke damunsa ba, Baba, gata ne ya yi masa yawa.”

Ta ɗauki almakashi ta raba soson nata biyu, ta sa rabi a leda da ɗan ruwan akwatin, ta ƙulle. Ta ce ya sa shi a injinsa yadda yake. Ya rage kaɗan daga ruwan, ya cika da wanda ya kwana a bokiti, ba na famfo kai tsaye ba. Abinci kuma a dakata sai ruwan ya fara washewa, sannan ɗan abin da yatsu biyu suka ɗauka, daga hannun mutum ɗaya.

Ya kai hannu aljihu, ta girgiza kai. “Ba na sayar da datti. Amma ka dube ni, Baba. Kada ka wanke shi.”

“Daga nan sai me?”

“Sai ka zauna.”

“Zama ai ba aiki ba ne.”

“Gwada ka gani.”

A cikin bas ya riƙe ledar nesa da jikinsa, kamar mai ɗauke da mushen ɓera. A gida Auta ta tsaya baki buɗe tana kallon ubanta, wanda ba ya barin kofi ya kwana ba a wanke ba, yana cusa ƙazamin soso a inji da hannunsa.

“Baba, lafiya?”

“Kawo bokitin jiya, ki rage surutu.”

Gwangwanin kuwa ya jefa shi a aljihu. Da yamma ƙanwar uwargida ta zo, ta gaishe da yayarta, ta shiga lalube a kan tebur.

“Yaya, ina abincin Jatau?”

“Ya ƙoshi.”

“Rowar taka har ta kai kan kifi?”

“Ke ma da an yi miki irin ta, da kin fi haka sauƙin tashi daga kujera.”

Sannan ya zauna. Bai taɓa yin aiki mai wuya irin wannan ba. Gari ya waye ruwan yana nan fari, hannunsa yana ƙaiƙayi, tsumma yana rataye a ƙusa yana kallonsa. Wani garin ya sake wayewa. Ya kai bakin famfo da bokiti, ya tsaya, ya dawo da shi ba komai. Ya ga uwargida tana ƙara ramewa, ya ce a ransa in kifin nan ya mutu, shi da mai tabarau ne a kasuwa.

Wata safiya ya shigo da kwanon abinci, sai ya hangi tsakuwar da ke ƙasan akwatin. Ɗaya bayan ɗaya, har da ’yar shuɗiyar da ya manta da ita. Jatau ya sauko daga sama yana kaɗa jela, ya zo ya dungura bakinsa a gilashi.

“Alhamdu lillahi,” ya ce ƙasa-ƙasa. “Allah ya yi wa yarinyar nan albarka, ita da dattinta.” Ya taɓa kafaɗar matarsa. “Ke, juyo ki ga mutuminki.”

Ta juyo da ƙyar. Ta daɗe tana kallo. Ya ciro gwangwanin, ya buɗe, ya sa yatsu zai ɗiba.

“Ni,” ta ce.

Tun a asibiti mai gasa mata jiki ya ce a bar ta ta riƙa gwada hannun, shi kuwa ya ce ba za a wahalar da ita yana raye ba. Shi ke ba ta a baki, shi ke goge mata haɓa, shi ke gyara mata ɗankwali. Ya dubi hannun, ya dubi baƙin soson da ke cikin inji. Ya miƙa mata gwangwanin, ya koma kujera, ya danne tafukansa a ƙarƙashin cinyoyinsa.

Hannun ya taso yana rawa. Ya shiga gwangwanin, ya fito, rabin abincin ya zube a kan zanen gadon da ya goge da asuba. Sauran ya isa bakin akwatin. Jatau ya taso ya cafke.

Ta dubi ɓarɓashin da ke kan farin zanen, ta dube shi ta gefen ido, tana jira ta ga ya zabura neman tsumma.

“Bar shi nan,” ya ce.

Gefen bakinta mai lafiya ya motsa. Ta nuna kwanon da haɓa.

“Cokalin,” ta ce. “A hannuna.”