Abin da Radiyya Ta Ajiye a Kabad

Radiyya ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, na girme ta da shekara shida. Mijinta Nasiruddeen soja ne. A barikin Shadawanka suka zauna har aka tura shi daji, bai dawo ba. Ko gawarsa ba mu gani ba, takarda kawai aka kawo. Da ta gama takaba ta ɗauki 'yarta Ummi ta kama ciki da falo a wani gidan haya a Gwallaga, ta sayi keken saƙa tana yin huluna da rigunan sanyi na jarirai.

A wajen koyon saƙar ta gamu da su. Ƙungiyar mata ce a waya, yawancinsu Turawa, suna nuna wa juna sababbin zane. A cikinsu akwai waɗanda ba sa taɓa zare sai sun ambaci wata Atina, allahiyar Girkawan dā, wadda suke cewa ita ce mai hikima da saƙa da dabarun yaƙi. Radiyya kuwa tun tana ƙarama ba ta jin abu ta bar shi. Ta yi ta bin labarin, ta yi ta karantawa.

Ni ban san komai ba sai wata Asabar da hantsi da na je karɓar hular jikata. Ina neman almakashi na buɗe ƙasan kabad ɗinta. Sai ga mutum-mutumin mace kamar tsawon tafin hannu, da hular ƙarfe a ka, mashi a hannu, mujiya a kafaɗa. A gabansa an ajiye ɗan kasko da man zaitun, irin wanda muke saya don shafawa, da guntun saƙa shuɗi.

"Radiyya, mene ne wannan?"

"Adda, rufe min kabad."

"Ba zan rufe ba. Gunki ne a ɗakinki?"

Ta ajiye zaren da ke hannunta. Ba ta ko yi ƙoƙarin musu ba.

"Tun da Nasiru ya tafi kowa haƙuri yake ba ni," in ji ta. "Na ji haƙurin har kaina ya daina aiki. In na zauna gabanta da safe na zuba man nan, sai in iya tunani. Ba kuɗi nake roƙo ba, Adda, ba miji ba. Hankali nake roƙo."

"A wajen abin da aka aiko miki a kwali?"

"Na san sunan da za ki kira shi."

Na kira shi kuwa. Na ce shirka ce, na tuna mata mahaifinmu da ya koya mana karatu da kansa, na yi kuka har ɗankwalina ya jiƙe. Daga ƙarshe na ce ba zan faɗa wa kowa ba, amma ta jefar da shi a masai. Ta miƙo min hular a leda na tafi.

Bayan sati uku jaririn A'i, matar da ke ɗakin kusa da nata, ya kamu da zazzaɓi. Kwana biyu ya yi ya rasu. Hular da ke kansa Radiyya ce ta saƙa masa kyauta ranar suna. Ashe A'i ta taɓa shiga aron ashana ta tarar da kabad ɗin a buɗe, ta ga abin da na gani ta yi shiru. Ranar sadakar uku, tana tsakiyar mata, ta ɗaga hular ta ce mai mujiya ce ta cinye mata ɗa. A garin nan ko kukan mujiya aka ji a kan katanga sai an nemi tsari, balle a ce mace tana zuba mata mai a ɗaki.

Bayan la'asar aka kira ni. Kafin in isa layin ya cika, masu keke sun ajiye kekunansu suna leƙe. An jefo keken saƙarta cikin kwata, zare ya warware ko'ina ana takawa. Limamin masallacin layin yana tsaye a bakin zaure ya ware hannuwa, yana ta cewa ajali ne ya ɗauki yaron, kada wanda ya taɓa Radiyya. Duk da haka wani ya riga ya same ta da dutse a goshi. Na tarar da ita zaune a ƙofar ɗaki, jini har kan hijabi, Ummi ta ƙanƙame ta.

Baffa Sabitu, ƙanin mahaifinmu, shi ya fito da mutum-mutumin da kansa. Ya ɗora shi a kan siminti ya sa taɓarya ya farfasa. Sannan ya ce ta tuba a gaban jama'a, kowa ya ji.

"Baffa, ban kashe ɗan A'i ba," in ji ta.

"Ba shi na tambaye ki ba."

"Ban kashe shi ba."

Sau uku yana faɗa, amsarta ke nan. Sai ya juyo wajena.

"Madina, ke da kike zuwa gidan nan, kin san da wannan?"

Idon kowa ya dawo kaina. Na tuna mijina, na tuna 'ya'yana mata biyu da ba su yi aure ba.

"Wallahi ban sani ba, Baffa."

Radiyya ta ɗago ta dube ni. Ta sa gefen hijabi ta share jinin da ke shiga idonta.

A nan tsakar gidan Baffa ya yanke hukunci: Ummi ba za ta ƙara kwana da uwarta ba, ni zan riƙe ta. Sai da mata biyu suka ɓamɓare yarinyar daga jikinta. Mai gidan hayar ya ce Radiyya ta kwashe kayanta kafin magariba. A dangi babu wanda ya ce ta zo wajensa. Juliana ce, matar wani abokin aikin Nasiruddeen mai shagon kayan masarufi kusa da bariki, ta zo da keke mai ƙafa uku ta ɗauke ta.

Kwana huɗu na yi ina cewa gobe zan je in gan ta. Da na je, Juliana na auna wa wata mata gari. Ta gama, ta ɗaure ledar, sannan ta kalle ni.

"Ta tafi jiya, motar Jos ta hau. Ban san inda za ta sauka ba."

"Ta bar saƙo?"

"Ta ce Ummi na da asma. Maganin yana ƙaramin aljihun jakar makarantarta, kada a bari ta yi wanka da ruwan sanyi."

"Ni fa? Ba ta ce a faɗa min komai ba?"

Juliana ta girgiza kai, ta juya wajen wani mai sayen sabulu.

Wata bakwai ke nan. Lambar Radiyya ba ta shiga. Ummi na aji uku yanzu, tana cin abinci, tana zuwa makaranta, amma ba ta yi min magana sai in na tambaye ta.