Jirgin Ruwa a Gonar Umm Salal

"Ja, Malam Sabo! Ja ta wajenka!"

Sabo ya ja igiyar har tafin hannunsa ya yi zafi. Sama da kansa, motar ɗaga kaya tana lilo da wani ƙarfe mai tsawon bishiyar dabino biyu. Sabon turken jirgin ruwan maigidansa ke nan, wanda ake ɗaura wa ƙyallen da iska ke turawa. Jirgin kuwa, mai gindi biyu kamar an haɗa kwalekwale biyu da dandamali, yana zaune bisa tirela a tsakiyar gonar Umm Salal, awaki suna hutawa a ƙarƙashinsa. Tun da tsohon turken ya karye bara aka jawo shi nan.

Sabo direba ne, ɗan Gusau, bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa ba. Amma kafil ɗinsa, wato maigidan da ya ɗauko shi aiki daga gida, Abu Hamad, ya riga ya yanke magana: ranar da turken ya tsaya, ranar zai sa masa hannu a takardar hutu. 'Yarsa Bilkisu ta fara tafiya har ta fara surutu, shi bai taɓa ganin ta ba sai a waya.

Mai ba da umarnin Absalom ne, makanikin jirage ɗan Jos, wanda aka ɗauko daga bakin teku. Shi ya ɗaure wayoyin ƙarfe huɗu, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana matsewa, yana kaɗa kowace da yatsa yana saurare. Kafin la'asar turken ya miƙe ƙyam.

A lokacin ne idon Sabo ya sauka kan ƙofar gonar. Ƙofa ce mai baka ta dutse, wadda ko motar ruwa sai ta yi a hankali take shigewa. Ya dubi turken. Ya sake duban ƙofar.

"Injiniya," ya ce ƙasa-ƙasa, "ta ina zai fita?"

Absalom ya share gumi. "Tun ranar Litinin nake faɗa masa a bakin ruwa ake kafa wannan abu. Ya ce baƙinsa za su zo ran Juma'a, a nan yake so su gani. Ni dai an ce in kafa, na kafa. Kai ma ka ja bakinka ka karɓi takardarka."

Sabo ya so ya ja bakin. Ga Abu Hamad yana tahowa cikin farar jallabiya, takardar a hannu, fuska cike da fara'a. Sai dai shekara tara Sabo yana tuƙi, bai taɓa ganin hanya a toshe ya ƙyale mai mota ya afka ba.

"Maigida, jirgin nan ba zai wuce ƙofa ba."

Abu Hamad ya juya ya daɗe yana kallon ƙofar. Ya ninke takardar ya sa a aljihu. 

"A rushe ta. Yalla, maza kira masu rusau."

"Akwai wayoyin lantarki a waje."

"A ɗage su."

"Akwai gadoji."

"Nawa?"

"Daga nan zuwa teku, goma sha ɗaya. In an bi ta baya, tara, amma akwai ramin ƙarƙashin ƙasa."

Absalom ya ce a sauke turken kawai, aikin kwana uku ne, a sake kafawa wani ukun. Sabo ya lissafa a zuci: jirginsa na sama jibi zai tashi.

Abu Hamad ya tattare jallabiya ya hau tsani, ya zauna a kujerar jirgin, ya ce a buɗe ƙyallen. Suka ja, farin ƙyalle ya haye sama, iskar yamma ta cika shi ya yi tumbi. Tirelar ta ɗan yi ƙara. Inuwa ta rufe rabin gonar, awaki suka fito suna kallo. Issifu mai dafa abinci ya kawo gahawa.

Maigida ya kurɓa, ya lumshe ido. Can ya yafito Sabo, ya rage murya.

"Sau biyu na shiga teku da shi. Duka biyun amai na yi ta yi a gaban surukaina. Ka ga nan? Ko jiri babu." Ya zaro takardar ya ɗora a kan gwiwarsa ya sa mata hannu. "Khalas, shi ke nan. Nan zai zauna. Je ka ga iyalinka. In ka dawo, kai ne matuƙinsa."

"In tuƙa shi zuwa ina, maigida?"

"Kowace Juma'a bayan masallaci. Za a ɗinka maka fararen kaya da hula. Zo ka gwada."

Absalom ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa don dariya. Sabo ya soke takardar a aljihun gaba, ya taka zuwa inda sitiyarin yake, ya kama shi da hannu biyu. Ya yi bisimilla. Kafin ya murɗa, ya waiga hagu, ya waiga dama, ya jira wata akuya ta gama tsallakewa.