Waƙoƙin Ilyasu

Bayan addu'ar bakwai aka kawo ordinater ɗin Yaya Ilyasu, kwamfutar aikinshi, gida daga rumfarshi ta Sabon Gari. Turi ne sana'arshi: a ba shi waya ko katin memwar, ya zuba waƙoƙi da fina-finai da wa'azi. Mota ta buge shi bisa moto a hanyar Jiratawa.

Tanimu, ɗan kawunmu Maman Lawali, shi zai ci gaba da rumfar. Ya sayo sabuwar ordinater don tsohuwar tana mutuwa in ta yi zafi. Ni aka ce in kwashe kayan da ke cikin tsohuwar, tunda na ɗan taɓa ordinater a lise, makarantar sakandare.

Kawu ya zo daga Tsibiri, ya zauna bisa tabarma.

"Rahma, karatu da wa'azi za ki kwashe. Kiɗe-kiɗen nan ki share. Duk wanda ya saurara, alhakin na bin yaron nan har kabari."

"Baba, su ne kasuwar fa," in ji Tanimu.

"Kai ka nemo naka, ka ɗauki alhakinka. Ba da sunan mamaci ba."

Na ce to.

Da sunanshi ɗin ne kuwa. Kowace waƙa, kafin kiɗa ya tashi, sai ka ji shi: "Ilyasu Turi, Sabon Gari, a sha daɗi lafiya!" Haka masu turi ke yi don kada wani ya kwashe musu kaya. Bai taɓa sa muryarshi kan wa'azi ba, ya ce rashin ladabi ne. Wayarshi ta farfashe a hatsarin. Nan kaɗai muryar ta rage.

Na soka kile, ɗan abin da ake kwashe kayan ordinater a ciki, na fara da dosiyen da ya tara tafsiri. Koren layi yana tafiya, ina kallonshi. Kaza ta shigo, ta fita. Da Kawu ya tafi masallaci na ce ma Tanimu a hankali:

"Ka iya yanke farkon waƙa, a bar maganar kawai?"

"Wa? Ni? Ni da ko suri, ɗan linzamin ordinater, ban iya riƙewa daidai ba. Shi ya san abinshi."

Na gwada, ban gane ba. Ordinater ta yi zafi ta mutu. Na yi mata fifita da faifai, ta tashi.

Wa'azi ya gama shiga. Na buɗe waƙa guda, na rage sauti. Ya faɗi sunanshi. Na tsayar kafin kiɗa, na mayar baya. Ya sake faɗi.

Ban ji shigowar Inna ba. Tana tsaye bakin ƙofa da ludayi a hannu.

"Ƙara," ta ce.

Na ƙara.

"Mura yake yi ranar," ta ce. "Kawunku ya ce nauyi ne gare shi ko?"

"Haka ya ce."

"To, sauke mishi."

Na zaɓi dosiyen waƙoƙin duka. Ordinater ta tambaye ni ko na tabbata zan share. Na danna. Bai daɗe ba.

Inna ta koma madafa. Na zare kile na miƙa ma Tanimu, ya ce in nuna mishi inda ake sokawa.